Littafin da Turai Ta Buɗe ta Dama

Likitan bai yi wa Turai kwana-kwana ba. Bamisire ne, dattijo mai sanƙo. Ya sa aka fita da yarinyar baranda, ya rufe ƙofa, sannan ya gaya mata cewa zazzaɓin bara ya lalata wa 'yarta Luba zuciya, kuma babu aikin da za a iya yi mata, a nan ko a wani wuri. Maganin da zai rubuta na rage kumburi ne da sauƙaƙa numfashi, shi ke nan. Da ta tambaye shi shekara nawa, sai ya dubi takardar da ke gabansa ya ce ta ƙidaya da watanni.

Turai ta ce alhamdulillahi, ta ninke takardar ta ɗaure a bakin zane, ta fito ta goya 'yar shekara takwas kamar jaririya har bakin titi. Tun a cikin motar da ta mayar da su unguwarsu ta Nuzla ta gama shawara da zuciyarta: Luba ba za ta sani ba. Mutuwa ta Allah ce, in ta zo ta zo, amma autarta ba za ta kwanta da ido biyu tana jiran ta ba. Ta gaya wa mijinta Saleh, wanda ke dako a tashar jiragen ruwa, ta sa ya yi mata alkawarin kama bakinsa. Yayyen Luba biyu da ke aure a Makka ma ce musu aka yi ciwon shawara ne ke damun yarinyar.

Wanda ya san Turai ya san in ta ce halas, wato magana ta ƙare, to ta ƙare. Haifaffiyar Jidda ce. Ubanta ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya shekara bakwai a hanya kafin ya ga teku, kuma taurin kansa duk ita ya bar wa. Sana'arta guga. A shekarun nan da ake ta haƙa titunan Jidda ana binne wayoyin tarho, tana yi wa wani gidan mutanen Suwidin guga a unguwar Ruwais, kwana uku a mako. Mijin injiniya ne, ba ta cika ganinsa ba. Matar, Gunila, doguwa ce mai jan wuya saboda rana, tana jin Larabci guntu-guntu, kuma mutuniyar kirki ce, wannan kam ba za a hana ta ba.

To, ɓoye maganar likita abu ne mai sauƙi. Abin da ya gagari Turai shi ne yarinyar kanta. Wata guda da dawowa daga asibiti Luba ta juya fuska bango. Ba ta shan magani sai an danne ta, in an danne ta kuma numfashinta ya sarƙe har leɓɓanta su yi baƙi. An yi mata kunun gyaɗa ta ƙi, an sayo mata fulu da tamis, wake da gurasar Larabawa, daga bakin kasuwa ta ƙi, har kankana Saleh ya ɗauko a kafaɗa tun daga kasuwar Balad, ta kalla ta kau da kai. Yarinyar da a da surutunta ke hana maƙwabta barcin rana, yanzu sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Turai ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta shiga makewayi ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito.

Duk safiyar da Turai ta je aiki Gunila takan tsaya a ƙofar ɗakin guga ta tambayi jikin yarinya, Turai kuma takan amsa yadda aka koya mata tun tana ƙarama, ta ce da sauƙi, alhamdulillahi. Mu dai mun san ko rai na bakin fita haka ake amsawa. Baturiyar Allah ita kuwa ta ɗauka magana ce ake gaya mata. A lissafinta mura ce ta kama yarinyar take ɗan jan ƙafa. Ranar nan tana kwashe kayan 'ya'yanta da aka mayar makaranta can ƙasarsu, sai ta zaro wani littafi mai faɗi, bangonsa shuɗi ya koɗe, ta miƙa wa Turai ta ce a kai wa Luba ta riƙa kallon hotuna kafin ta warke.

Turai ba jahila ba ce. Ta yi allo har izu goma a wajen wani malami Bafulatani a Nuzla, kuma tana iya haɗa baƙin Larabci a jikin allunan shaguna. Duk littafin da ta taɓa riƙewa a duniya ta dama ake buɗe shi. Don haka da ta dawo bayan azahar ta zauna a bakin katifar Luba, sai ta ɗora littafin a cinya ta buɗe shi ta dama, da bisimilla, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Rubutun ciki ba ta ko kalle shi ba, tunda ba na mutane ba ne a wajenta, wasu ƙananan ƙugiyoyi ne da ɗige-ɗige a ka.

Hoton da ta fara cin karo da shi gado ne babu kowa a kai, taga a buɗe, wata mace tsaye a jikin tagar ta ba da baya. Luba na kwance fuskarta a bango. Turai ta ce, ba ma da yarinyar take ba, oh, ita kuma wannan baiwar Allah me take jira? Ta juya shafi. Sai ga wata irin dabba, jiki na raƙumi amma babu tozo, itace ya tsiro mata a ka da rassa, tana ratsa wata ƙasa fara fat, sama kuma ta yi kore. A bayanta wata yarinya ce zaune da jar hula. Turai ta yi salati da ƙarfi, don tsakani da Allah abin ya ba ta mamaki.

Salatin ne ya juyo da Luba. Ta leƙo, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya da muryar da ta kwana biyu ba a ji ba, cikin Larabci, wai wannan farin mene ne. Turai ta ce gishiri ne mana, ba ki ga irinsa a bakin teku ta kudu ba? Ƙasar gishiri ce. Daga nan bakinta ya buɗe, labari ya riƙa zuwa da kansa, shafi bayan shafi.

Wai wata mata ce ta shekara tana roƙon Allah haihuwa, ta gyara gado ta buɗe taga tana jira. Sai Mai Reshe, raƙumin ƙasar gishiri, ya ɗauko mata yarinya a bayansa. Tafiyar da nisa, ko da suka iso yarinyar ta galabaita, ya zura kansa ta taga ya sauke ta a gado, ga ta nan kwance idonta rufe. A shafi na gaba ta buɗe ido, Mai Reshe ya ja da baya yana leƙenta ta gilashi, yana so ya tabbatar ta samu kafin ya koma. A na gaba ya tafi, yarinyar ta tashi zaune da matashi a bayanta. A na gaba tana kan kujera gaban tebur, ga kwano, uwar ta dafa mata goshi tana sa mata albarka. A shafin ƙarshe kuwa ga ta can waje da jar hularta tana tsere da yara a kan gishiri, baki har kunne.

Luba ta ce a sake. Aka sake. A karo na uku ta sa yatsa a hoton da yarinyar ke kwance ido buɗe ta ce, "Ummi, ni ina nan yanzu, ko?"

"Nan kike, Auta."

"Saura uku."

"Saura uku, in sha Allahu. Amma ita wannan ai shan maganinta take yi."

Ranar Luba ta sha magani ba a danne ta ba, ta kuma sha rabin kofin kunu. Da Saleh ya dawo daga aiki ya ga kofin, sai ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa yana kallonsa.

Haka littafin Nasara ya zama ɗan gida a wani ɗaki na langa-langa a Nuzla. Luba ta yago ganyen dabino daga jikin mafici ta sa a shafin da take, kamar yadda ta ga uwarta na yi wa izu. Kullum bayan azahar sai an karanta, kuma labarin ya yi ta ƙiba. Mai Reshe ya samu mata da 'ya'ya. Aka gano cewa ba ya cin komai sai busasshen kifi, kuma yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa, kamar wata yarinya da muka sani. Luba ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Iya Fatsuma, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ta leƙo ta katanga ta ce wannan wace irin fitsara ce, tatsuniya da rana tsaka, ga kuma hotunan masu rai a ɗakin mara lafiya. Turai ta ce mata, Iya, in zunubi ne a rubuta a kaina. Tsohuwar ta yi tsaki ta tafi, washegari kuma ta dawo da kujerarta ta zauna a bakin ƙofa, wai iska ta fi kaɗawa a nan.

Bayan sati uku maganin ya sauke kumburin ƙafafun, Luba ta iya tashi zaune da matasai biyu a bayanta. Da hannunta ta ciro ganyen dabinon ta matsar da shi gaba. Turai ta san abin da likita ya ce, ba ta manta ko kalma ɗaya ba. Amma wallahi a kwanakin nan ita ma ta fara yarda da labarinta. Tana guga a Ruwais tana raya wa ranta cewa likita mutum ne, kuma Bamisiren ma ai tsufa ya kama shi.

Abin da ya ɓata komai ƙaramin abu ne. Luba ta matsa tana son sanin sunan mai jar hula. Turai ta ce Zaituna, Luba ta ce a'a, sunanta na gaskiya, wanda aka rubuta. A kai wa Sitti, wato uwar ɗakinta Gunila, ta duba. Ta ba da aron littafin na wuni ɗaya tak, da sharaɗin kada a taɓa mata ganyenta.

Turai ta gama gugar riguna shida, ta kashe dutsen guga, ta samu Gunila a kicin. Ta yi mata godiya sosai, ta ce littafin nan ya yi abin da magani ya kasa. Ta ɗora shi a tebur ta buɗe ta dama, ta nuna gadon da babu kowa, ta fara ba ta labarin matar da ke jiran haihuwa. Gunila ta yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa yaron da ya sa riga a bai-bai, ta sa hannu biyu ta kife littafin ta juyo da shi. Ta ce daga nan ake farawa. Sunan yarinyar Elin. Farin nan kuma ba gishiri ba ne, ƙanƙara ce mai laushi da ke zubowa daga sama.

Ta shiga juya shafukan ta hagu tana bayani da guntun Larabcinta. Ga Elin tana wasa. Ga ta ta kasa cin abinci, uwar na taɓa goshinta ta ji zafi. Ga ta a gado. Tana kaɗaici, sai ta riƙa ganin dabbar daji a taga tana yi mata hira. Ga ta ta ƙara rauni, dabbar ta matso. Gunila na kaiwa nan muryarta ta fara raguwa, don ta ɗago ta ga fuskar Turai. Sauran shafi biyun ba wanda ya yi bayaninsu. Turai ce da kanta ta juya su, ta ga yarinyar a bayan Mai Reshe, ta ga gadon.

"Mutuwa ta yi," in ji Turai.

Gunila ta ce a littafin ba a faɗi haka ba, an ce ta tafi inda babu tari. Ta ce yaran ƙasarsu suna son labarin, ita ma da shi ta girma. Sannan ta tambaya a hankali, ai Luba ta samu sauƙi, ko ba haka Turai ke cewa kullum ba?

Nan Turai ta manta a gidan wa take. Ta zazzaga mata Hausa tsantsa, wadda matar ba ta jin ko kalma ɗaya, ta ce wane irin mutane ne ku da za ku zauna ku zana mutuwar yarinya da launi mai kyau ku ba yara? Ba ku da tausayi ne ko ba ku da aikin yi? Sai da ta gaji ta koma Larabci ta faɗi abin da likita ya ce, karo na farko da ta faɗe shi ga wani ban da Saleh. Gunila ta zauna a kujera ta rufe baki da hannu, hawaye na bin yatsunta. Ta ce a bar littafin a nan, za ta nemo wani, mai kyanwa da ƙwallo. Ni dai ban ga laifin kowa a cikinsu ba, ko kuma in ce na ga na duka biyun. Turai ta ɗauki littafin ta sa a jaka, don ta yi alkawarin mayar da shi kafin la'asar.

A mota ta yi tunanin jefa shi ta taga. Ta yi tunanin manne shafin gadon da sitacin guga, sai ta tuna ai daga nan nata labarin yake farawa. Da ta isa gida Luba na zaune tana jira, Turai ta ce sunanta Elin, ta zauna ta buɗe ta dama kamar kullum. Ta gaya wa Saleh abin da ta gano a tsakar gida da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce tunda yarinyar ba ta san ta hagu ba, ai ta dama ce gaskiyarta, a ci gaba.

Aka ci gaba, amma labarin ya mutu a bakin Turai. Da ta ga matar a jikin taga sai ta kau da kai. Ta daina yi wa Mai Reshe murya. Takan yi sauri ta wuce shafukan farko ta daɗe a na ƙarshe, tana ta ƙirga yaran da ke gudu tana raɗa musu suna, Luba kuwa tana kallon uwarta maimakon hoton.

Da zafi ya shigo sosai kumburin ya dawo, ya wuce gwiwa, ya hau ciki. Likita ya ƙara magani, bai ƙara magana ba. Luba ba ta iya kwanciya sai a jingine, in ta yi magana sai ta huta a tsakiyar jimla. Wata safiya kafin ta tafi Ruwais, Turai ta ga yarinyar na gyangyaɗi, ta lallaɓa ta zare ganyen dabinon ta kai shi shafin tebur. Da Luba ta farka ta ce mata, kin gani, jiya kin ci lomar shinkafa uku, ai kin kai tebur, saura ɗaya. Luba ta dubi ganyen, ta dubi uwarta, ta ce to.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar matan unguwa suka zo dubiya, su biyar, da Iya Fatsuma a gaba. Suka cika ɗakin da ƙamshin turare da addu'a. Kowacce ta sunkuya ta ce Luba ya jiki, Luba ta ce da sauƙi, sau biyar, tana haki. Suka ce ai ga shi nan fuskarta ta ciko, ta kusa tashi. Turai ta raka su bakin ƙofa ta dawo ta tarar yarinyar ta jawo littafin kan cikinta. Ta zauna ta karɓa, ta kai hannu bangon dama.

"Ummi, juya shi."

Turai ta yi kamar ba ta ji ba.

"Juya shi ta ɗaya gefen. Na sani."

Turai ta ce me kika sani, wa ya gaya miki wani abu? Zuciyarta ta tafi kan Saleh, ta tafi kan Iya Fatsuma, har ta fara shirya faɗan da za ta yi. Luba ta girgiza kai. Ta buɗe shafin da yarinyar ke kwance ido rufe, ta nuna wani abu a kan ɗan tebur kusa da gadon, abin da Turai ta kalla sau ɗari ba ta gani ba. Guntun kyandir ne, ya kusa cinyewa. Ta juya zuwa shafin da ta buɗe ido, kyandir ɗin ya kai rabi. Ta juya zuwa inda take zaune, ga shi dogo, sabo.

"Kyandir ba ya ƙara tsawo in yana ci, Ummi."

Kai, yaro mai kwanciya wuni guda da littafi ɗaya, me zai ɓoye masa? Turai ta tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun kafin a kai wa Sitti. Sunan ma ta tambaya ne don ta ga ko uwar za ta dawo da labarin daidai. Ta ce kuma ranar asibiti ƙofar likitan ba ta rufu sosai ba.

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Kina jin daɗinsa ta can." Ta huta, ta ja numfashi. "In kin tafi aiki ina karanta shi ta nan. Ni kaɗai. Ummi, ina jin tsoro ni kaɗai."

Maganar nan ta shiga Turai har ƙashi. Wata huɗu tana gadin ƙofa kada tsoro ya shigo wa 'yarta, ashe yana ciki tun ranar farko, ita ce ma ta kulle su tare ta tafi guga. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da ta binne uwarta. Bakinta ya ɗauko abin da ya saba, za ki warke, in sha Allahu, kada ki ƙara faɗin haka. Ta haɗiye shi. Ta hau katifar sosai, ta jingina da bango, ta jawo yarinyar jikinta yadda kanta zai kwanta a ƙirjinta, ta kife littafin ta juyo da shi. Ta buɗe ta hagu, ta yi bisimilla.

Ba ta iya labarin ta wannan gefen ba, sai suka yi shi tare. Turai ta ce ga Elin tana gudu da ƙawayenta, Luba ta ce kamar ni a layin famfo. Turai ta ce ga ta zazzaɓi ya kama ta. Da suka zo inda Mai Reshe ke leƙe ta gilashi, Luba ta tambaya ko shi ne mala'ikan. Turai ta ce a'a, wannan dabba ce ta masu zane, mala'iku ba wanda ya san kamarsu, amma malaminta ya gaya mata suna zuwa wa yara da sauƙi, kuma yaro ba shi da hisabi, Annabi Ibrahim ne ke riƙon su a wani lambu har iyayensu su iso. Luba ta tambaya ko da zafi. Turai ta ce ba ta sani ba, ba za ta ƙara yi mata ƙarya ba, amma duk yadda yake tana nan riƙe da ita, ba Ruwais ba ko'ina, daga yau ta ajiye guga. Luba ta tambaya ko a lambun ana jin Larabci, don Hausarta ba ta da kyau. Turai ta ce ai can Larabcin ne ma gaba, ita ce za ta yi wa kakanta na Katsina tafinta. Yarinyar ta yi murmushi, jikinta ya saki a jikin uwar, nauyinta duka ya sauka.

Suka zo shafin ƙarshe. Luba ta sa yatsa a bayan matar da ke tsaye a taga.

"Kuka take yi?"

"Kuka take yi."

"Za ta daɗe?"

"Za ta daɗe, Auta. Har ta tsufa tana yi. Amma ba za ta ce da ma ba a kawo mata ke ba."

Ba ta lura ta ce ke ba sai da kalmar ta fita. Daga nan kukan da ta wata huɗu tana kai wa makewayi ya ƙwace mata a gaban yarinyar, da sauti, har Iya Fatsuma ta leƙo ta katanga ta koma. Luba ba ta hana ta ba. Ta ɗora kumburarren hannunta a kan na uwar ta jira, kamar yadda ake jiran ruwa ya ɗauke. Kwana ashirin da uku suka rage mata a duniya, kuma ba ta ƙara yin ko ɗaya ita kaɗai ba.

Da kukan ya lafa ta ce, "Sake, daga farko."

Turai ta ce wane farkon.

Luba ta nuna hagu. Turai ta share fuska da gefen zanenta, ta koma shafin da yara ke gudu.